Mai Gane Shaida

Ta iso Damagaram da la'asar, a kar ɗin Yamai,
cikin farin akwati da aka ɗaure da roba,
ƙanƙarar ta narke, saura kamar ƙwan zabo biyu.
Sallau direba ya miƙo mini da hannu ɗaya:
"Wannan ne kayan jika ɗari huɗu?
Ko nauyin goro bai kai ba."
Kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsana ba,
ruwan da ke cikinta bai cika hawaye ɗaya ba.

A jinin zomo aka raine ta, a wata ƙasa mai sanyi.
Fuska ɗaya tak aka koya mata,
ita ma ba kullum ba.

Ga yadda na bayyana wa Inna:
cikin kowace ƙwayar jikinki akwai ɗan aike, sunansa kinaz.
Yana kwance a zaure, ba ya cewa uffan,
sai an manna masa fosfat a kafaɗa
ya zabura ya shiga gari yana shela: ku rabu, ku ninku.
Baƙuwar tawa ba ruwanta da mai barci.
Za ta ratsa dubu masu kama da shi ba ta waiwaya ba,
ta riƙe rigar mai shaidar kaɗai.
Inna ta ce, "To, ai ubanki ne.
A majema, cikin fatu ɗari masu wari ɗaya,
da tsagar wuya yake gane tasa."

Amma shaidar nan ba ta jure zafi.
Nama ya ɗan ɗumama, ta goge,
kamar sawun kaza a bakin rijiya.
A garin da duwatsu ke ajiye rana har tsakar dare
ni nake gadin sanyi.
Daren da kuran ya ɗauke, gurup ya ƙi tashi,
a kabu-kabu na bi Zango gida-gida ina sayen ƙanƙara,
har wata ta tambaye ni ko suna ake yi.

Karon farko ni na ɓata.
Na jiƙa takardar a garin madara, yadda na saba,
na manta madara ma tana da nata fosfat.
Fim ya fito baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.
Malama Yagana ta ɗaga shi ga fitila, ta daɗe,
ta ce, "Kin tura ta neman mutum ɗaya
a kasuwar Dole, kowa da irin hularsa."
Ba ta ƙara ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Saura ɗigo uku.

Naman daga asibiti ya zo, lamba goma sha bakwai.
Ba a ba ni suna ba, bai kamata a ba ni ba.
Na dai san mace ce, na san daga nono aka yanko,
na san wani yana kwana a tabarma a bakin ɗakinta.

Ƙarfe uku na dare, jar fitila, warin ruwan wanki.
Na kaɗa tasa a hankali kamar mai rarrashin jariri.
Fari. Fari.
Sai ga shi, siriri kamar kwallin da aka ja sau ɗaya,
daidai inda lissafi ya ce zai tsaya:
ɗan aiken da ya ƙi komawa zaure.

Ba magani ba ne. Baƙuwar tawa ba ta warkarwa,
nuni kawai ta iya: ga shi nan, a farke yake.
Na rubuta kwanan wata a gefen fim,
na mayar da ɗigo biyu cikin firigo,
na dafa ƙofarsa na ji yana gurnani.

A waje masu kura sun fara layi a famfo.
Inna na kan buzu da na shigo.
"Kin gan shi?"
"Na gan shi."
"To, sai ki faɗa wa masu kama shi," ta ce,
ta ci gaba da jan carbinta.